Allurar ciwon diddige: abin da take yi, abin da ba ta yi, da lokacin da ya dace a yarda da ita

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekaruna 47, malamar firamare ce ni, a tsaye nake yini. Wata goma ke nan diddigen ƙafata ta dama yana damuna, ya fi tsanani da asuba idan na sauko daga gado, sai in ji kamar na taka ƙusa. Na sha ƙwayoyi, an yi min allurai a kemis, an gasa min da ruwan zafi, duk shiru. Yanzu a asibiti an ce za a yi min allurar siteroid a diddigen, wata 'yar uwata kuma ta ce akwai wadda ake ɗibar jinin mutum a mayar masa a wurin. Ina da ciwon suga, kuma ina da niyyar zuwa Umara nan da wata huɗu. Wacce ta fi, kuma babu haɗari?

Amsa: Sannu Malama, Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma cika miki niyyarki. Bari in fara da abin da za ki riƙe ko da ba ki karanta sauran ba. Allurar siteroid, wato maganin kwantar da kumburi, tana rage wannan ciwo, amma sauƙin da aka tabbatar tana bayarwa na kimanin wata guda ne, kuma ba ta gyara wurin da ya lalace. Wadda ake yi da jinin mutum, da ake kira PRP, ba ta saurin aiki, tana da tsada, kuma hujjarta ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Duk wadda aka yi miki cikin biyun, in ba a haɗa da aikin da ke kanki za ki yi wa ƙafar a gida ba, ciwon kan komo.

Abin da ke miki ciwo wata jijiya ce mai faɗi da tauri, wadda ta taso daga ƙarƙashin ƙashin diddige ta bazu har gindin yatsu. Ita ce ke riƙe lanƙwasar tafin ƙafa, kamar yadda tsirkiya ke riƙe baka. Duk takun da kika yi sai ta miƙe ta ɗauki nauyinki. Idan nauyin ya yi mata yawa na tsawon lokaci, ko don tsayuwa a kan siminti, ko ƙarin ƙiba, ko silifas mai laƙai-laƙai, ko taurin agara da sha-raɓa, sai mahaɗarta da ƙashin ta fara saki. Da dare ƙafa na kwance yatsu sun sunkuya, jijiyar ta ɗan tsuke, shi ya sa takun farko na asuba ya fi kowanne zafi, bayan kin ɗan zagaya ya lafa, da yamma kuma ya dawo. A katinki na asibiti wataƙila za ki ga sunan filanta fashiyaitis. Ciwo ne ruwan dare, ana ƙiyasta mutum 1 cikin 10 zai gamu da shi a rayuwarsa, kuma kimanin 8 cikin 10 na masu shi kan warke cikin shekara guda ba allura ba tiyata.

Akwai wani abu da ya sauya yadda likitoci ke kallon allurar. A 2003 wani likitan ƙafa a Amurka, Harvey Lemont, shi da abokan aikinsa suka duba naman jijiyar da aka yanko daga ƙafafu 50 da aka yi wa tiyata saboda wannan ciwo. Ba su tarar da alamun kumburi irin wanda aka zata ba. Abin da suka gani zaruruwa ne da suka tsufa suka rarrabe. Siteroid kuwa babban aikinsa kwantar da kumburi. To idan ciwon ya kai wata goma kamar naki, abin da ya fi yawa a wurin lalacewa ce, kuma siteroid ba ya ɗinke abin da ya lalace, hasali ma yana rage wa jijiya ƙarfin gina kanta.

Kafin a kai ga allura, ni abin da nake fara tambaya shi ne, an tabbatar ciwon nan ne kuwa? Ba kowane ciwon diddige ne na wannan jijiya ba. Likita ya danna ƙarƙashin diddigen ta ɓangaren ciki, daidai inda jijiyar ta kama ƙashi. A nan mai wannan ciwo ke zabura. In kuwa zafin na tashi ne idan aka matse ƙashin ta gefe da gefe, ana zargin tsagewar ƙashi. In akwai raɗaɗi kamar barkono, ko mirmir, ko ciwon na hana barci, ana duba jijiyar ji da ta matsu a kusa da idon sawu, kuma ga mai suga kamarki dole a gwada ko ciwon sugan ya taɓa jijiyoyin ƙafa. Matashin da diddigensa biyu ke ciwo, ga ƙugu na ƙagewa da safe, shi kuma a binciki ciwon gaɓɓai. Sikanin na sauti yana taimakawa ƙwarai: kaurin jijiyar idan ya wuce milimita 4 a mahaɗarta, ya ƙarfafa zargin.

Sai maganar ƙayar ƙashi. Sau da yawa ana ɗaukar hoton ƙafa, a ga ɗan tsiro a ƙarƙashin ƙashin diddige, a ce wa mara lafiya ga abin da ke sukarki nan. Mutane da yawa na da wannan tsiro ba su taɓa jin ciwo ba, wasu kuma na fama da ciwon ba su da shi. Kada ki yarda a tsorata ki da hoton.

Alluran da aka yi miki a kemis kuwa, a ɗuwawu ko a dantse, daban suke da wadda ake magana. Galibi dikulofenak ne, wani lokaci a haɗa da dekzametason. Suna zagaya jiki gaba ɗaya, su ɗan danne zafin na yini ɗaya ko biyu. Yawan su na taɓa ƙoda, yana tayar da gyambon ciki, dekzametason kuma na hargitsa suga da hawan jini. Mai ciwon suga ƙodarta ta riga tana aiki cikin wahala, don haka ki tsayar da su haka nan. Sakiya da tsaga a tafin ƙafar mai suga kuwa, ko da wasa kada ki bari a matso da su. Rauni a nan na iya zama gyambon da ba ya jin magani.

Mu dawo kan siteroid ɗin da aka ce za a yi miki. Wanda aka fi amfani da shi tirayamsinolon ne, da ake sayarwa da sunan Kenalog, ko metilfiredinisolon mai sunan Depo-Medrol, ko betametason, ko dekzametason, a gauraya da ɗan lidoken mai kashe zafi. A 2012 masu bincike a Jami'ar La Trobe da ke Melbon a Ostareliya suka gwada shi a kan mutum 82. Rabi aka yi musu dekzametason ana kallon allurar a sikanin, rabi aka yi musu ruwan gishiri, ba wanda ya san abin da aka ba shi. A mako na 4 waɗanda suka sami maganin sun fi jin sauƙi. A mako na 8 da na 12 bambancin ciwon ya dushe. A 2017 kuma ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwaje ta auna ingancinsu, ta haɗa bincike 39 da suka ƙunshi mutum 2,492. Abin da ya fito bai saɓa ba: idan aka kwatanta da allurar da ba magani a ciki, ko rashin yin komai, siteroid ya rage ciwo da kimanin maki 6 cikin 100 a watan farko, bayan nan babu wani fifiko a fili.

Maki 6 matsakaici ne, akwai wanda zai tashi washegari ya ce ai ya warke sarai, akwai wanda ba zai ji komai ba. Wanda ya ji ya warke ɗin nan shi ya fi ba ni tsoro. Zafin da ke hana shi takawa da ƙarfi ya tafi, jijiyar kuwa tana nan yadda take, wataƙila ma ta ɗan ƙara rauni. Sai ya koma doguwar tafiya da tsayuwar yini, wata rana yana hawa bene ko yana tsallake kwata ya ji wani abu ya yi ɗas a tafin ƙafarsa, wurin ya kumbura, jini ya kwanta. Jijiyar ce ta tsinke. A 1998 wasu likitocin ƙashi biyu a Amurka, Acevedo da Beskin, suka duba marasa lafiya 765 masu wannan ciwo. An sami tsinkewar a 51, kuma 44 daga cikinsu an taɓa yi musu allurar siteroid. Wani bincike na 2010 ya sami tsinkewa a kashi 2.4 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar, akasari bayan allura biyu zuwa uku. Ba abu ne mai yawan faruwa ba, amma idan ya faru, ciwon diddigen kan lafa, sai tafin ƙafar ya ɗan baje, sabon ciwo ya ɓullo a tsakiyar ƙafa ko gefenta, kuma wannan ya fi na farkon wuyar sha'ani.

Haɗari na biyu ba a cika faɗa wa mutane shi ba. A ƙarƙashin ƙashin diddige akwai wani kitse mai tauri da aka tsara shi ɗaki-ɗaki, shi ke shanye dukan ƙasa. Idan siteroid ya zuba a cikinsa, yana iya narkar da shi, kuma in ya narke ba ya dawowa. Mai wannan matsala ji yake ƙashinsa na taɓa ƙasa kai tsaye. Dalili ke nan da ya sa wanda ya iya aikin ba ya soka allurar ta tsakiyar tafin ƙafa. Za a kwantar da ke, a wanke wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shiga ta gefen diddige na ciki, inda fatar tafi ta haɗu da ta sama, a tura allurar a kwance har ta isa kusa da mahaɗar jijiyar, sama da kitsen. In akwai na'urar sikanin, ana ganin bakin allurar yana tafiya, kuma na fi son haka. Da zafi, ba zan ɓoye miki ba, amma bai wuce minti ɗaya ko biyu ba. Wasu kan ji ciwon ya ƙaru kwana ɗaya ko biyu kafin ya sauka. Mu masu baƙar fata kuma, wurin da aka soka na iya yin fari-fari kamar tabo, ya ɗauki watanni kafin ya koma, wani ma ba ya komawa duka.

Game da suganki, ko da a ƙafa aka yi allurar, wani kaso na shiga jini. Suga kan hau cikin kwana ɗaya zuwa uku na farko, ya iya kai mako kafin ya daidaita. Saboda haka ki gaya wa likitan da ke duba miki suga tun kafin a yi, ki tanadi abin gwaji a gida, ki riƙa aunawa safe da yamma a wannan makon. Idan dama sugan a sama yake, ko akwai rauni ko tsagewar fata a diddigen, ko ba kya jin taɓi sosai a ƙafar, a ɗage allurar har a gyara wancan. Bayan an yi, in kika ga ja, ɗumi, kumburi ko zazzaɓi, a ranar za ki koma asibiti, ba a kwana da shi. Wani abu kuma a gefe: in an rubuta miki sifurofuloksasin, wanda ake yawan bayarwa don taifot ko ciwon fitsari, ki faɗa wa likita, domin shi ma yana raunana jijiyoyi irin su agara, haɗuwarsa da siteroid kuma na ƙara haɗarin.

To, duk da wannan, ina ganin siteroid na da gurbinsa. Wanda ya yi wata uku ko fiye yana bin ƙa'ida bai ga canji ba, ko zafin ya kai ba ya iya yin motsa ƙafar da aka umarce shi, allura ɗaya na iya buɗe masa hanya. A Denmak, wani gwaji da aka wallafa a 2019 a kan mutum 90 ya nuna waɗanda aka haɗa musu allura da motsa ƙafa sun fi waɗanda aka yi wa allura kaɗai ko motsa ƙafa kaɗai. Ra'ayina shi ne ɗaya, in ta kama biyu, da tazarar aƙalla wata uku. Wanda ya ce ki riƙa zuwa duk wata ana yi miki, ki nemi wani likitan.

Yanzu maganar 'yar uwarki. PRP ana ɗibar jininki daga hannu, a sa a na'urar da ke juya shi da gudu har ya rabu hawa-hawa, a zuƙo ruwan ɗorawar da ƙwayoyin daskarar da jini suka taru a ciki, kimanin mililita 3, a soka a jijiyar. Waɗannan ƙwayoyin na ɗauke da sinadaran da ke kiran jiki ya zo gyara, tunanin ke nan. A makonnin farko siteroid kan fi shi ba da sauƙi, PRP ma kan ƙara zafin na 'yan kwanaki. Daga wata uku zuwa shida gwaje-gwaje da dama sun nuna ya kamo siteroid ko ya wuce shi, kuma wani da aka yi a Holan aka wallafa a 2019 ya ga masu PRP sun fi sauƙi har bayan shekara. Inda gizo ke saƙar shi ne, yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, kowane asibiti da yadda yake haɗa nasa, kuma da siteroid ake kwatanta shi, wanda dama mun san ƙarfinsa na ƙarewa bayan wata guda. Cin wanda ya riga ya gaji a tsere ba ya nuna gudu. Da aka gwada PRP da allurar bogi a ciwon agara, a wani babban gwaji na mutum 240 a Birtaniya a 2021, ba a ga bambanci ba. Agara ba jijiyar tafi ba ce, amma 'yan uwan juna ne, kuma sakamakon ya isa ya sa mutum ya rage ɗoki.

Fa'idarsa a wurinki a fili take: ba ya tayar da suga, ba ya narkar da kitsen diddige, ba a kuma danganta shi da tsinkewa kamar siteroid ba. In kina da hali, kuma a asibitin da ke da tsabta da kayan aiki ne, zaɓi ne mai ma'ana ga mai suga. Sai dai ba abin da za a ci bashi dominsa ba ne. In za a yi, akan ce a dakatar da su ibufurofen da dikulofenak kwanaki kafin da bayan allurar, a tsaya kan farasitamol.

Sauran alluran ba sai mun daɗe a kansu ba. Akwai ta ruwan suga mai kauri, wadda ake yi sau biyu ko uku don a tsokano gyara; tana da araha, ƙananan gwaje-gwaje sun ba ta ɗan yabo. Akwai Botox, mai saki tsoka, ga tsada ga ƙarancin hujja. Akwai masu tallar allurar ruwan mahaifa da ta ƙwayoyin halittar da ake cewa suna sabunta naman jiki, ki bar su da kayansu. Abin da ma ya fi cancanta ki tambaya ba allura ba ne: na'urar da ke buga wurin da igiyar sauti mai ƙarfi, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don wannan ciwo tun 2000. Ba a huda fata, ba ta taɓa suga, akan yi zama uku zuwa biyar, kuma ga ciwon da ya wuce wata shida hujjarta ba ta gaza ta allurai ba. Ki tambaya a sashen gashin ƙashi na babban asibitin da ke kusa da ke ko suna da ita.

A cikin bayaninki ban ga inda kika ambaci motsa ƙafa ko canjin takalmi ba, ga shi kuwa su ne ainihin maganin. Da asuba, kafin ƙafarki ta taɓa ƙasa, ki zauna a bakin gado, ki ɗora mai ciwon a kan gwiwar ɗayar, ki kama yatsun ki ja su baya wajen ƙwauri har ki ji jijiyar ta ɗaure a tafin idan kika shafa da ɗayan hannun. Ki riƙe daƙiƙa 10, ki saki, sau 10, sau uku a yini. Na biyu shi ne na ƙarfafawa, wanda Michael Rathleff da abokansa suka gwada a Denmak aka wallafa a 2015. Ki naɗe tawul, ki ɗora a bakin matakala ko dakali, ki taka shi da yatsunki yadda za su ɗago, diddige na lilo a waje. Ki ɗaga jikinki a hankali cikin daƙiƙa 3, ki tsaya 2, ki sauko cikin 3. Sau 12, zagaye uku, yau a yi gobe a huta. Ki fara da ƙafa biyu kina dafe da bango, in kin ƙware ki koma ɗaya, daga baya ki goya jaka da littattafai. Waɗanda suka yi haka sun fi masu miƙa jijiya kawai samun sauƙi a wata uku. In an yi miki siteroid, ki huta wa wannan na biyun mako ɗaya zuwa biyu kafin ki fara. Sai takalmi mai kauri da ɗan tudu a baya, irin kambas, har a cikin gida da madafa, ban da yawo ba takalmi a kan tayil. A aji kuma ki ajiye kujera kusa da allo, ki riƙa zama tsakanin darasi. In akwai ƙiba, ko kilo kaɗan kika sauke, diddigen zai sani, sugan ma haka.

Umara kuma ita ta sa lissafin lokaci ya zama dole. Tsakanin Safa da Marwa kimanin mita 450 ne, sau bakwai ya haura kilomita 3, ga ɗawafi, ga zirga-zirga daga masauki, kusan duk a kan marmara. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su nemi allurar ana saura kwana uku tashi, don su sami damar tafiya. Wannan shi ne haɗa jijiya mai rauni, da zafin da aka danne, da tafiya mafi tsawo a shekara, ga suga na hauhawa a cikin jirgi. Tunda kina da wata huɗu, ki ba motsa ƙafa da takalmi mako shida cur. In ba ki ga sauƙi ba kuma sugan ya daidaita, a yi allurar a lokacin, yadda za a sami aƙalla wata biyu tsakaninta da tafiya. In PRP kika zaɓa, a yi shi cikin wannan watan, domin yana bukatar kusan wata uku kafin ya nuna. A can kuma mace ba a hana ta safa ko takalmi a ihrami ba, don haka ki tafi da safa mai kauri ko takalmi mai laushi mai tsabta na cikin masallaci, ki rarraba ibadar kina hutawa, kuma akwai keken turawa ga wanda ƙafa ta gaza.